Kafin ku sa wa tsohuwar Ford batir

'Yan'uwa masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka, don Allah ku kula da wannan. Ford ta 1928 zuwa 1955 batir mai volt 6 take amfani da shi, kuma wayar fositif ce ake ɗaurawa a jikin mota, saɓanin yadda muka saba. Sai a 1956 suka koma volt 12. Chevrolet ta riga su da shekara ɗaya. In ka ɗora wa tsohuwar Ford ɗin batirin zamani mai volt 12, kwan fitilu, rediyo da gejin mai za su ƙone, ga kayan da wahalar samu. Wata ma an riga an canza mata waya a can Amurka. Ku sa mai rewaya ya bi wayoyin tukuna.