Yadda ake shiga gasar tirayatalon ta gajeren zango ba tare da dogon atisaye ba

Tirayatalon gasa ce da ke haɗa wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: iyo, tseren keke, sannan gudu. An fara ta a siffar da aka santa yau a birnin San Diyego na Amurka a shekarar 1974, kuma ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni a 2000. A zangon Olamfik ana iyon kilomita 1.5, a tuƙa keke kilomita 40, a yi gudun kilomita 10. Gajeren zango rabin wannan ne, wato iyon mita 750, keke kilomita 20 da gudun kilomita 5, kuma agogo ba ya tsayawa tun daga shiga ruwa har tsallake layin ƙarshe, har da lokacin da mutum ke sauya kaya. Sabon shiga yakan gama cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu.

Ma'aikacin Abuja da ke fita tun da sassafe, ya dawo bayan magariba saboda cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, ba shi da lokacin atisayen wata shida. Idan yana da ƙoshin lafiya kuma ya riga ya iya iyo, mako shida zuwa takwas za su ishe shi ya kammala gasar, muddin burinsa kammalawa ne ba lashe kyauta ba, kuma muddin ya zuba ɗan lokacin nasa inda ya dace. Inda ya dace kuwa shi ne ruwa. Wanda ya gaji a kan keke zai iya daina murza feda, wanda ya gaji da gudu zai iya takawa, amma wanda numfashinsa ya ɗauke a tsakiyar tafki ba shi da wurin dafawa.

Kafin komai, ka je asibiti a duba ka, musamman idan ka haura shekara arba'in, ko kana da hawan jini, ciwon sukari, asma, sikila, ko kuma akwai ciwon zuciya a danginku. Ka faɗa wa likita nisan da za ka yi dalla-dalla.

Mataki na biyu shi ne ka auna iyonka da gaskiya. Akwai wurin iyo a harabar filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola, kuma otal-otal da dama a cikin gari suna barin baƙo ya biya ya shiga nasu. Ka tambayi tsawon wurin: idan mita 50 ne, ratsa shi sau goma sha biyar ke cika mita 750, idan kuma mita 25 ne, talatin ne. A ranar farko ka ga iya inda za ka kai ba tare da ka kama gefe ba. Wanda bai iya yin mita 200 a jere ba, shawarata gare shi ita ce ya ɗage shiga gasar ya nemi mai koyarwa, ko ya nemi abokai biyu su shiga a matsayin tawaga idan masu shiryawa sun ba da wannan dama, shi ya ɗauki keke ko gudu. Iyon da yawancinmu muka koya a rafi muna yara, kai a sama ana dukan ruwa da hannu, yana cinye ƙarfi cikin minti biyu. Abin da za ka koya shi ne fitar da numfashi a cikin ruwa ta hanci da baki a hankali, sannan ka juya kai gefe ka shaƙi iska, ba ka ɗaga shi sama ba, domin da zarar kai ya tashi ƙafafu za su nutse. Ka yi haka sau biyu ko uku a mako, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, har ka iya cika mita 750 ko da a hankali ne. Ka kuma koyi kwanciya rigingine a kan ruwa kana numfashi, don ita ce mafakarka ranar gasa.

Idan a buɗaɗɗen ruwa za a yi gasar, akwai bambanci babba. Ruwan tafki ba a ganin ƙasansa, babu layin da ake bi, kuma mutum yakan karkace ba tare da ya sani ba, saboda haka ka saba da ɗaga ido bayan kowane jan hannu shida ko takwas ka hango alamar da aka kafa a kan ruwa don nuna hanya. Kada ka shiga tafkin Jabi ko wata madatsar ruwa kai kaɗai da sunan atisaye. Bayan haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance a ƙasarmu yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, don haka wanda ya ga jini a fitsarinsa ko zazzaɓi makonni bayan iyo a irin wannan ruwa ya gaggauta zuwa asibiti ya faɗi inda ya shiga.

Batun keke bai kai haka wuya ba. Ba sai ka sayi keken tsere ba, kowane keke mai lafiyayyen birki da giya zai kai ka, ko da na aro ne. Ka kai shi wurin mai gyaran keke ya duba birki, ceni da tayoyi, a kuma ɗaga sirdi yadda ƙafarka za ta kusan miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Safiyar Asabar ko Lahadi, kafin motoci su yi yawa, ita ce lokacin fita, kuma hawa da gangaren Maitama da Asokoro sun isa su koya maka sauya giya kafin ka shiga tudu, ba bayan ƙafa ta riga ta yi nauyi ba.

Abin da sabbin shiga suka fi yin sakaci da shi shi ne gudu nan take bayan sauka daga keke. Cinyoyi sun saba da juyawa, sai ga shi an ce su taka ƙasa, mutum ya ji kamar an ɗaura masa buhun siminti a kowace ƙafa. Wannan nauyi yakan saki bayan ɗan lokaci, amma wanda bai taɓa jin sa ba sai ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙare. Maganinsa shi ne ka jarraba sau ɗaya a mako: ka tuƙa keke minti arba'in, ka jingine shi, ka yi sassarfa ta minti goma. Ka ƙara gudu ɗaya na daban a tsakiyar mako, kana haɗa gudu da tafiya idan haki ya yi yawa. A makon ƙarshe ka rage komai zuwa rabi, domin babu wani ƙarfi da za ka samu a kwana bakwai sai gajiya.

Ranar gasa ka karya kumallo awa biyu zuwa uku kafin a fara, da abin da cikinka ya saba da shi, kamar kunu da burodi ko ayaba, ka bar ƙosai da duk wani soyayyen abu sai an gama. Ka isa da wuri ka shirya wurin sauya kayanka. Ka rataye keke, ka kifa hular kwano a kan kan keken da maɗaurinta a kwance, ka shimfiɗa ƙaramin tawul a ƙasa, ka ɗora takalma a buɗe da safa a cikinsu, sannan ka taka daga bakin ruwa zuwa wurin don ka gane layinka, saboda mutumin da ya fito daga ruwa yana jiri ba ya tuna inda ya ajiye kekensa. Doka ta hana tafiya da ƙirji a buɗe a kan keke da wajen gudu, wanda kuwa yake son suturar da ta rufe hannu da ƙafa, namiji ko mace, ya yi magana da masu shiryawa tun kafin ranar.

Idan aka busa usur kada ka ruga cikin taro. Ka tsaya a baya ko a gefe, ka bar masu sauri su wuce da shure-shurensu, sannan ka shiga. Mita ɗari na farko su ne mafi tsanani: ƙirji ya matse, wani ya taɓa maka ƙafa, ka kurɓi ruwa. Idan haka ta faru ka juya rigingine ka numfasa har hankalinka ya dawo, idan kuma abin ya fi ƙarfinka ka ɗaga hannu masu kwale-kwale su zo.

Da ka fito, ka sa hular kwano ka ɗaure ta kafin ka taɓa keke, kuma kada ka kwance ta sai ka mayar da keken mazauninsa. Ana tura keke da hannu har layin hawa, a kuma sauka kafin layin sauka. A yawancin gasannin da ba na ƙwararru ba an hana maƙalewa a bayan wani mai keke don ya tare maka iska, an kuma hana sa abin sauraron kiɗa a kunne. A kan keke ne za ka sha ruwa, kurɓi-kurɓi, musamman idan gasar ta faɗo a zafin Maris ko Afrilu, lokacin da ya kamata a ƙara da ruwan gishiri da sukari. Ka sassauta giya a kilomita na ƙarshe don ƙafafu su saki.

Ka fara gudun a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, da gajerun taku, har nauyin cinya ya wuce. Dokar gasar ba ta hana tafiya ba, don haka ka taka a wuraren ba da ruwa, ka sha, ka zuba saura a kai. Amma idan ka ji jiri, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko tsigar jiki tana tashi alhali ana rana, ka tsaya nan take ka nemi ma'aikatan lafiya, ko da kana hango layin ƙarshe.