Yadda za ku koya wa yara kula da dabbar gida ta hanyar wasa

Yaron da ke jan wutsiyar kyanwa ba lallai ne mugunta ta sa shi ba. Sau da yawa bai san tana jin zafi kamar yadda shi ma yake ji ba, kuma tsawar "bari!" da ake daka masa daga nesa ba ta ƙara masa sani. Abin da ya kamata ya iya shi ne gane lokacin da dabba ke cewa a'a, wannan kuwa da wasa ya fi shiga.

Mataki na farko, wasan kallo. Ku zauna da yaron ɗan nesa da dabbar, hannu a cinya, babu taɓawa. Ku ce ya faɗi abin da ya gani a kunnenta, da wutsiyarta, da idonta. Kyanwa in ta kwantar da kunnuwa baya tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta ƙosa ke nan. In ta nufo mutum wutsiya a miƙe sama, maraba take yi. Karen da ke ta hamma ko lasar baki, alhali ba barci yake ji ba kuma bai ci komai ba, a takure yake. Kaɗa wutsiyar kare ma ba kullum murna ba ce. In jikinsa ya sandare, a ja da baya. Ku ba yaron takarda ya zana kowane yanayi, gobe ku ɗaga zanen ya faɗi fassararsa. A ganina nan ya kamata ku fi daɗewa, domin sauran matakan duk a kansa suka dogara.

Na biyu, a gwada hannu a jikin 'yar tsana mai siffar dabba. Tafin hannu a buɗe, a shafa ta inda gashi ya kwanta. Zomo ba a ɗaga shi da kunne: hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya ya tallafe ƙugunsa, saboda in ya yi harbi a iska ƙashin bayansa na iya karyewa. In an koma kan dabbar gaske, dokar ita ce shafa uku sai a janye hannu. Ta matso, a ci gaba. Ta tafi, wasa ya ƙare, ba a bin ta.

Na uku, ku ba shi aikin da zai kira nasa. Ƙaramin yaro zai iya sauya ruwan sha kowace safiya, wanda ya ɗan tasa ya auna abinci ya wanke kwano. Ku manna jadawali a bango ya riƙa sa alama da kansa, amma ku duba bayansa, don ran dabbar yana wuyanku ne. Ku yanka katunan abinci biyu-biyu na "ana ba ta" da "ba a ba ta". Cakulan da albasa guba ne ga kare da kyanwa, inabi na lalata ƙodar kare, madarar shanu kuwa takan sa babbar kyanwa gudawa. Bayan kowane aiki, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Kwalin da aka huda wa ƙofa biyu ma ya isa gidan ɓuyan kyanwa, yaro ya yi masa ado.

Na huɗu, wasan bishiya, kuma kada ku tsallake shi. Ku zama kare kuna zagaya yaron, shi kuma ya tsaya cak kamar bishiya, hannuwa a haɗe, ido a ƙasa, ba gudu ba ihu. Gudu ne ke tunzura kare ya bi mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ku nanata masa cewa in an cije shi ko an yakushe shi, ya faɗa nan take, ba wanda zai yi masa faɗa. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Ku tafi da shi wurin likitan dabbobi ranar allurar rigakafi, ya riƙe katin, ya yi tambayoyinsa. Dabbar da ke barci, ko cin abinci, ko shayar da 'ya'ya, ba a taɓa ta, kuma ƙaramin yaro ba a barinsa shi kaɗai da kare komai sabon da suka yi.