Yanda ɗan zango zai sa sunansa a takarda kafin a zo rabon gari

Kumasi na girma, wannan kam ba mai musu. Wanda ya bar garin nan shekara goma in ya dawo yau sai ya tambayi hanya a kasuwar Kejetia, ga sabon gini mai shago sama da 8,000 da aka buɗe a 2019, ga mol a Asokwa tun 2017, ga filin jirgi an gyara an sa masa sunan Prempeh na ɗaya. To amma ka gangaro Aboabo, unguwarmu ta zango, bayan an ɗauke ruwan sama ka tsaya bakin gada ka kalli kwata, wallahi sai kace wani gari ka shigo. Mu ne 'yan dako, mu ne mahauta, mu ke jan aboboya da pragiya, masu ƙafa ukun nan na kaya da na fasinja, albasa da shanu ta hannunmu suke shigowa, amma ranar rabon shago sai kaji sunayen da ake kira ba irin namu bane.

Za a ce ƙabilanci ne, kuma akwai shi ɗin, wanda ya tashi a nan ba a taɓa ce masa pepeni ba, sunan raini da ake kiran ɗan arewa da shi, ya ɗaga hannu. Tsofaffinmu har yau basu manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa. Talaucin ma ya san hanyar gidan mutanen arewacin Ghana, binciken hukumar ƙididdiga na 2016/17 ya samu kashi 70.9 na mutanen Upper West cikin talauci, yankin Ashanti kuwa 11.6, shi yasa kullum motocin arewa ke sauke yara mata su zo su yi kayaye, wato dako a kasuwa. Amma abin da na gani da idona shine, mai son ya ture ka ba ya cewa don kai ɗan zango ne, cewa yake ina takardarka. Nan ne muke faɗuwa, kuma nan ne akwai abin da zaka iya yi.

Goggona tafi shekara ashirin tana sayar da daddawa da kuka da kanwa a wata kasuwa cikin garin nan, kan teburin da take haya wurin wata mata, duk wata hannu da hannu, ba rasit ba shaida, ai an zama 'yan uwa. Ran da aka zo rubuta sunaye za a rushe a sake gini, masu littafi suka ce kowa ya kawo katin rumfarsa. Katin kuwa sunan matar ne a kai. Goggo ta kira maƙwabta, kowa ya rantse ita ce ke nan tun yaransu na goye, mai rubutu yace Hajiya ni abin da ke takarda nake bi. Matar ta samu shago ta zuba ɗan haya, goggo tana bakin titi da faranti, ido ɗaya kan ciniki ɗaya kan 'yan tas fos masu korar 'yan kasuwa daga bakin titi.

To fara da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ba sai an ja magana ba. Tun 2021 lambarta ce lambar harajinka, tun Yulin 2022 kuma banki ba ya karɓar wani kati sai ita. Abin da mutanenmu da yawa basu sani ba, haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, tsarin mulkin 1992 iyaye da kakanni yake kallo, in ɗaya cikinsu ɗan ƙasa ne to kai ma haka. Saboda haka kafin ka fita gida ka zauna da tsohuwa ka rubuta sunan kakanni huɗun nan da garuruwansu, don tambayar kenan da za a jefo maka da zarar an ji sunanka Garba ko Fati, kuma in ka fara in-ina an samu ƙofa. In baka da takardar haihuwa ko fasfo, ɗan uwanka mai katin zai iya tsaya maka ya yi rantsuwa. Wanda ba ɗan ƙasa bane akwai katin baƙi, ya yi shi, kar ya yi ƙarya ya ja wa wanda ya tsaya masa masifa.

Sai maganar suna, wannan ita ke ban haushi. Mutum ɗaya, a makaranta Mohammed Awal, a katin asibiti Awudu Mamman, a layin waya Baba Alhaji. Ka zaɓi wanda ke kan Ghana Card harafi da harafi ka bi sauran ka gyara, in bambancin ya yi yawa a yi takardar rantsuwa a buga a gazet, jaridar sanarwar gwamnati. Yara ma a yi musu takardar haihuwa tun ana cin naman suna.

Yanzu wurin sana'a. Duk tikitin da ɗan asambuli, wato ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya yaga maka ka ajiye, ko na sidi biyu ne, kar ka naɗe goro da shi. In haya kake kan teburin wani ko shagon wani ku rubuta, sunanka, sunansa, lambar rumfa, nawa ne a wata, shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala. Nasan da nauyi, zai ce haba baka yarda dani bane, kace masa Baba ba don kai bane don magada ne, ai ko Alƙur'ani cewa ya yi a rubuta bashi. Kuɗin gudwil ma, wanda ake biya kafin a baka shago, kar ka miƙa shi a leda a bayan masallaci, a tura ta banki ko MoMo, asusun kuɗi na waya, a rubuta na mene ne da shekara nawa. Dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba, masu gida kuwa shekara biyu suke nema kuma duk muna biya don ba yanda muka iya, to ko ba komai ka fito da rasit, shi zaka kai ofishin kula da haya in rigima ta tashi.

Rajistar sunan kasuwanci ba ta masu kamfani bace kawai, mai shayi ma na iya yi. Ofishin rajistar kamfanoni na da reshe a Kumasi, ka je da katinka da adireshin GPS na wurin da sunaye biyu uku ko an riga ka ɗaya, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ka shiga da kanka ka biya a inda ake ba da rasit, ka rabu da goro bois, 'yan kamashon nan na bakin ƙofa, sunan nan ma kaga daga bakinmu aka are shi. Daga nan lasin asambuli, kuma ka lura, tun 2012 Aboabo da Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin asambulin Asokore Mampong ne ba KMA ta birnin Kumasi ba, kar ka ɓata kuɗin mota.

Ƙungiyar kasuwa kuwa, ko baka son shugabanninta ka shiga ka biya kuɗin wata ka tabbatar sunanka na cikin littafi, don in za a tashi kasuwa da su ake zama, jerin sunayensu ake fara dubawa. Mata musamman, a daina cewa sunan maigida ya isa.

Kuɗi su riƙa barin sawu. Adashi da susu ba laifi, amma ka ware layin MoMo na ciniki daban da na gida, harajin e-levy na tura kuɗi ta waya ma an soke shi a 2025 ba sauran uzuri. Ko baka cin bashin ruwa, dilan da zai baka kaya ka sayar ka kawo yana son yaga abin da ke shiga hannunka a wata. Inda zaka ajiye kuwa ka duba sunansa a jerin babban banki tukuna, a 2019 kamfanonin maikurofainas 347 aka ƙwace wa lasin rana ɗaya, kuka har cikin lungunanmu. Ƙarƙashin katifa ma ba tsira bane, a Disamban 2022 tsadar kaya ta kai kashi 54.1, wanda ya ɓoye kuɗin buhu biyu ya fito ya tarar da ƙyar ya ɗauki ɗaya da ɗan ɗori.

Asusun raya zango da aka yi wa doka a 2017 yana nan a takarda duk da ma'aikatar raya zango an rufe ta a 2021, ni dai ban ce ka jingina da shi ba. Gara ka san asambuliman ɗinka, wato kansilan unguwarku, da ranar zamansu, ku rubuta buƙatar kwata ko fitila ku sa hannu ku riƙe kwafi mai hatimi.

Kuma duk takardun nan ka ɗauke su hoto ka tura wa wani ɗan uwa da ba unguwarku ɗaya ba, kowa yaga gobarar kasuwar Adum ta Maris 2025. Goggo yanzu gwangwanin Milo gare ta, duk tikitin da aka yaga mata ciki yake shiga, ranar Juma'a jikarta ta baje su kan tabarma ta ɗauka a waya ta turo min.