Yadda za ka horar da karenka kafin sallah, ka kuma tsare shi ranar layya

Kare bai san sallah ba. Abin da ya sani shi ne wata safiya ya wayi gari ƙofar gida a wangale, baƙi na shiga suna fita, warin jini da ƙaurin kitse sun cika tsakar gida, kowane yaro kuma da abin da yake jefa masa. Shekarar da na fara ajiye kare saboda ɓarayin awaki, karena Duna ya haɗiye soyayyen ƙashin haƙarƙari da wani ɗan yawon sallah ya wurga masa. Kwana biyu yana yunƙurin amai, ya ƙi ci ya ƙi sha, ni kuma ina yawon neman likitan dabbobi a ranar da kowa ke hutu. Ya rayu, amma da ƙyar.

Hukuncin ajiye kare na bar wa malamai. Maganata da wanda ya riga ya ajiye ne, na gadi ko na farauta ko na bin garke, tunda abin da ka ɗaure a gidanka haƙƙinsa na wuyanka.

Mataki na farko: fara da wuri, ka kai shi allura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara horo aƙalla mako huɗu kafin sallah, wato tun kafin watan Zulƙida ya raba. A makon farko ka kai shi rigakafin ciwon haukan kare idan bai samu ba. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu haɗa wannan allura, kuma a wurare da dama akan yi ta kyauta a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai tsoka daga cikinsu. Gidan da zai cika da yaran mutane bai kamata a ce karensa ba shi da katin allura ba.

Mataki na biyu: kalmomi huɗu

Ajiye bulalar nan. Duka yana koya wa kare tsoron hannunka ne kawai, kuma karen da ya saba ganin hannu ya ɗaga don duka shi ne ke cizon yaron da ya miƙo hannu don wasa. Ka cika aljihu da gutsattsarin ƙuli-ƙuli marar yaji ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Horo minti biyar ne, sau biyu ko uku a rana, da sanyin safiya ko bayan la'asar, kafin a ba shi abinci. Tukuicin kuma ya shiga bakinsa nan take. Idan ka tsaya laluben aljihu, ya riga ya manta abin da ya yi.

"Zauna" ita ce mafi sauƙi. Riƙe ƙuli-ƙulin a saitin hancinsa, ka ɗaga shi sannu zuwa bayan kansa. Yana bin hannunka da ido gindinsa zai sauka ƙasa da kansa. Yana sauka ka ce "zauna", ka ba shi. Kwana uku ya isa yawancin karnuka.

"Zo" kuwa da doguwar igiya ake koyar da ita. Kira sunansa sau ɗaya, ka ce "zo", ka ja da baya kana tafi. Ya iso, ka ba shi, ka shafa shi. Doka ɗaya ce a nan: kada ka taɓa kiransa don ka hukunta shi, ko da takalmin sallarka ya tauna. Ka yi haka sau ɗaya, ranar da ya arce titi za ka kira har muryarka ta dishe.

Wadda ta fi kowacce amfani ranar layya ita ce "bari", don haka a nan za ka fi daɗewa. Dunƙule abinci a hannun dama ka miƙa masa. Zai shinshina, ya lasa, ya kai ƙafa. Ka yi shiru, kada ka buɗe. Da ya gaji ya janye hanci, ka ce "bari", ka ba shi wani daga hannun hagu. Lura fa, daga hannun hagu: abin da aka ce ya bari bai zama nasa ba har abada, in ba haka ba zai ɗauka "bari" na nufin "dakata kaɗan". Bayan kwana biyu ka ajiye abincin a ƙasa ka take da takalmi. Daga nan ka janye ƙafar, kana shirye ka sake takewa. A makon ƙarshe ka gwada da ɗanyen nama, sannan ka sa wani yaron gida ya jefa ƙashi a gabansa yana ɗaure da igiya. Ranar da ƙashi ya faɗi ya ɗago kai ya kalle ka maimakon ya dira a kai, aiki ya yi.

Ta huɗu "wurinka". Shimfiɗa tsohon buhu a inda kake so ya kwana, ka jefa tukuici a kai, ka faɗi kalmar. Ka riƙa ƙara tsawon zaman daga daƙiƙa biyar zuwa minti biyar, kana nisa da shi kaɗan-kaɗan.

Ku zauna da mutanen gida ku tsayar da kalmomin nan. Idan maigida ya ce "zauna", uwargida ta ce "kwanta", ɗan makaranta ya faɗa da Turanci, kare ba zai ji ko ɗaya ba, a kuma ce taurin kai gare shi.

Mataki na uku: rago da ƙara

Ran da aka kawo ragon layya, ka kai karen wajensa da igiya a hannu, daga nesa tukuna. Ya zauna ya yi shiru, a ba shi tukuici. Ya yi haushi, a ja shi baya a sake. Kada a bar su su biyu da dare. Ko karen ya yaga wa rago kunne, ko ragon ya tunkuye shi.

Sai ƙara. Kunnen kare ya fi namu ji nesa ba kusa ba, shi ya sa bindigogin gargajiya na hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ke sa wasu karnuka rawar jiki har su tsinka sarƙa. Haka nokawut ɗin da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara a Jos da Kaduna. Ɗauki irin ƙarar a waya, ka kunna ƙasa-ƙasa yana cin abinci, kullum ka ƙara murya kaɗan. Ya daina ci ya maƙale wutsiya, ka yi sauri, rage.

Mataki na huɗu: ranar sallah

Kafin a tafi idi ka zagaya da shi ya gaji, ka ba shi abincinsa ya ƙoshi, ka kai shi wurinsa a bayan gida, nesa da zaure da wajen fiɗa. Inuwa ta zama wadda ba ta gushewa da azahar, ruwa kuma a mazubin da ba zai kife ba, domin kare da haki yake rage zafin jiki, rana na iya kashe shi a ɗaure. Rataya masa lambar wayarka a wuya. Ka kuma naɗa mutum ɗaya, ba yaro ƙarami ba, ya zama shi kaɗai ke ba shi abinci.

Kyauta ce ke kashe kare ranar sallah. Ƙashin da ya ga wuta, soyayye ko gasasshe, yana farfashewa ya zama kamar tsinke ya huda hanji. Tarin kitse da ragowar man suya na jawo amai da gudawa da ciwon ciki mai tsanani. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, ɗanye ne ko dafaffe, don haka miyar sallah da dambun nama da kilishi ba nasa ba ne. Cakulan da yara ke samu a yawon sallah guba ne gare shi, goro ma haka, inabi da zabibi kuwa ƙoda suke taɓawa. Tsinken tsire da ledar da aka ƙulle nama duk haɗiyewa yake yi. In kana son ya ci sallah, dafa masa tsoka zalla ba gishiri ba yaji.

Akwai wanda ya fi waɗannan muni, kuma kusan kowa na yinsa. Mai fiɗa ya ga huhu ko hanta da wasu ƙulle-ƙulle cike da ruwa, sai ya yanke wurin ya ce a jefa wa kare. Waɗannan ƙulle-ƙullen 'ya'yan wata tsutsa ce. Kare ya ci, ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaron da ya shafa shi ya ci tuwo bai wanke hannu ba, shekaru bayan nan sai a ga irin ƙullin a hantarsa, wani sai an yi masa tiyata. Duk kayan cikin da ba za ka ci ba, ƙona shi ko ka binne a rami mai zurfi ka danne da dutse.

Idan abin ya faru

Kare ya ci abin da bai kamata ba, kada ka ɗura masa manja ko ruwan gishiri, kada kuma ka ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane. Kira likitan dabbobi, wanda ka karɓi lambarsa tun ranar allura, ka faɗa masa abin da ya ci da lokacin da ya ci.

Idan kuwa cizo ya yi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a wuce asibiti ranar, ko da kare ya yi rigakafi, a tafi da katinsa. Kada a kashe karen cikin fushi. A killace shi kwana 10 ana lura da shi, domin halin da yake ciki a kwanakin nan likita zai so ya sani.

Bayan sallah da mako biyu zuwa uku ka nemi likita ya ba shi maganin tsutsar ciki mai ɗauke da sinadarin furazikwantel, gwargwadon nauyinsa, ka kwashe kashin da zai yi a kwana biyun da suka biyo baya ka binne.