Takardar atisayen mako: shawara ga ƙannena da suka zo Jamus digiri na biyu a lissafi

Ƙannena, maza da mata, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Duk watan Oktoba, idan zangon karatu na hunturu ya kama, nakan ga sababbin fuskoki daga Kano, Zariya, Sakkwato, Maradi ko Yamai, kowa da akwatinsa biyu da sakamako mai kyau daga gida, ana tambayar inda ake sayen layin waya da inda masallaci yake. Za mu zo kan irin waɗannan. Sai dai ina so in fara da abin da na ga ya fi kayar da mutanenmu a wannan karatu, wato wata takarda mai shafi ɗaya da ake fitarwa kowane mako. Jamusawa suna ce mata Übungsblatt, ni kuwa takardar atisaye nake kiranta.

Ga yadda babban darasi yake tafiya a yawancin sassan lissafi na ƙasar nan. Farfesa zai shigo sau biyu a mako, kowace shigowa minti 90, ya cika allo da ma'anoni da ƙa'idoji da hujjojinsu. Ba ya kiran suna, ba ruwansa da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sannan a saki takardar atisaye mai tambayoyi huɗu ko biyar, a ba ku mako guda. Akwai zama na uku, shi ma minti 90, inda wani ɗalibin digiri na uku ko wani na gaba da ku zai bi amsoshin tare da ku. A darussa da yawa sai kun tara rabin makin waɗannan takardu kafin a yarda ku zauna jarrabawa. Wanda bai tara ba, ko ƙofar ɗakin jarrabawar ba zai gani ba, kuma babu wanda zai kira shi ya ja masa kunne tun da wuri.

Ku yi wannan lissafin da kanku. Digirin gaba ɗaya maki 120 ne na tsarin ECTS, wato ma'aunin nauyin karatu na jami'o'in Turai, 30 a kowane zango, kuma kundin bincike na ƙarshe yakan ɗauki 30 daga ciki. Kowane maki ɗaya an ƙiyasta shi a kan aikin awa 30. Babban darasi yakan kai maki 9, wato awa 270. Zaman aji na makonni 15 bai cika awa 70 ba. Ragowar awa 200 ɗin ina suke? Suna kan teburinku, ku da takardar atisaye da shirin jarrabawa. Shi ya sa jadawalin da kuka gani da manyan darussa uku kacal, har kuna cewa ai akwai sarari, cikakken aiki ne na safe zuwa yamma. Kada ku ɗauki biyar don kun saba da ɗaukar takwas ko tara a gida. A makonni biyu na farko ku leƙa darussa huɗu ko biyar, an yarda da haka, sannan ku tsaya a kan uku.

Takardata ta farko, a wata jami'a da ke yammacin ƙasar, na shafe kwana huɗu a kanta. Ta dawo da maki 3 cikin 20. Amsoshina na ƙarshe daidai suke, amma a gefen kusan kowane layi mai dubawa ya rubuta kalma ɗaya da jan biro: warum, wato don me. Ranar nan ban ci abincin dare ba. Na zo da tunanin cewa na iya lissafi, kuma gaskiya na iya wani irin lissafi: a ba ni tambaya in fitar da amsa, da sauri, ba kuskure. Abin da ban saba da shi ba shi ne kafa hujja tun daga tushe, kowane mataki a jingine da wata ma'ana ko wata ƙa'ida da aka riga aka tabbatar. Ɗalibin da ya yi digirinsa na farko a nan, tun makonsa na farko a jami'a ake sa shi wannan, a darussan analisis, wato tushen kalkulas, da aljabara, shekara uku cur. Ba fin ku kaifin ƙwaƙwalwa ya yi ba, riga ku shiga gonar ya yi.

Bari in ba ku misali ƙarami. Ku ɗauki jerin 1, sai 1.4, sai 1.41, sai 1.414, haka har abada. Lambobin suna ta matsowa kusa da juna, kowa yana ganin haka. A gida da yawanmu za mu ce jerin ya nufi tushen 2, mu wuce. A nan za a tambaye ku: a wane gida kuke aiki? Idan a cikin lambobin da ake iya rubutawa a matsayin kason lamba bisa lamba ne, to jerin ba shi da masauki, domin tushen 2 ba ɗan gidan ba ne. Wannan ramin shi ne dalilin da ya sa aka gina lambobi na haƙiƙa, waɗanda suka haɗa har da irin su tushen 2, kuma a kansa rabin abin da za ku gani a analisis na zangon farko yake zaune. Wanda ya haddace ƙa'ida bai san ramin da ta zo cikewa ba, tambaya ɗaya za ta tona shi.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Duk ma'anar da aka rubuta a allo, ku koma ɗaki ku nemo mata misali biyu: abu ɗaya da ya cika sharaɗin, abu ɗaya da ya kusa cikawa amma ya faɗi. Duk ƙa'idar da aka kawo, ku cire sharaɗi ɗaya daga cikinta ku ga inda hujjar ta karye. Ku buɗe takardar atisaye ranar da ta fito, ko da ba za ku rubuta komai ba, domin irin waɗannan tambayoyi sai sun kwana a kai suke nuna. Sau da yawa a hanyar kanti ko bayan sallar asuba mafita take faɗowa. Wanda ya bari sai daren da za a miƙa, kwafa kawai zai yi. Kuma yanzu da manhajojin kwamfuta suke iya zubo hujja cikin daƙiƙa, jarabar ta fi ta zamaninmu ƙarfi. Makin zai samu, amma ranar jarrabawar baka babu waya a hannu.

Jarrabawar baka ita ce abu na biyu da ba mu saba da shi ba. A digiri na biyu darussa da yawa haka ake ƙare su: ku da farfesa da wani mai rubuta abin da ya gudana, minti 20 zuwa 30, da farar takarda ko allo. Zai ce ku faɗi ƙa'ida kaza, ku zayyana hujjarta, sannan ya tambaya me zai faru idan aka janye sharaɗi kaza. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai a gaban malami da yin shiru don girmamawa, a ɗakin nan ana karanta ta a matsayin rashin sani. Ku ɗaga kai, ku yi tunaninku a bayyane. Idan kun kakare ku ce ga inda na tsaya, ga abin da nake so in gwada. Sau da yawa zai miƙo muku bakin zaren. Ƙungiyar ɗaliban sashe, wadda ake kira Fachschaft, takan ajiye tambayoyin da ɗaliban baya suka tuno suka rubuta bayan sun fito. Ku je ku karɓa, halas ne, kowa yana yi. Sannan ku sami aboki ku riƙa yi wa juna jarrabawar da baki. Maki kuma a nan juye yake: 1,0 shi ne ƙololuwa, 4,0 shi ne tsallakewa da ƙyar, 5,0 faɗuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin malamai sun yarda mutum biyu ko uku su miƙa takarda ɗaya, wasu ma tilasta hakan suke yi. A makon farko ake ƙulla waɗannan ƙungiyoyi, kuma wanda ya noƙe yana jiran a neme shi zai wayi gari shi kaɗai. Bajamushe ba zai fara yi muku magana ba, wannan ba ƙiyayya ba ce, haka suke ko a tsakaninsu. Ku juya ga na kusa da ku bayan darasi ku ce kuna neman abokin atisaye. Ina kuma ba ku shawara kada ƙungiyar ta zama ta 'yan gida zalla, domin inda kuke da giɓi ɗaya, babu mai cike wa wani. Kowane malami yana da sa'ar ganin ɗalibai, Sprechstunde, kuma galibi ofishin a buɗe yake ba kowa. Ku je da tambaya takamaimiya: na gane har layi na uku, daga nan zuwa na huɗu ne ban ga yadda aka tsallaka ba.

Yanzu takardun hukuma, a gurguje, domin su ma suna iya cinye makonnin farko. Doka ta ce ku yi rajistar adireshinku, Anmeldung, cikin kwana 14 da shiga gida, da takardar shaida daga mai gidan. Sai inshorar lafiya, wadda jami'a ba ta kammala rajistarku sai da ita. Wanda bai kai shekara 30 ba yana samun farashin ɗalibai a kamfanonin gwamnati irin su TK da AOK. Wanda ba shi da tallafi irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, ya riga ya san asusun banki da ake kulle kuɗin zaman ɗalibi a ciki, wanda tun Satumban 2024 ya koma Yuro 11,904 a shekara, ana sakar masa 992 a wata. Ku nemi ranar ganawa da ofishin baƙi tun bizarku tana da sauran watanni, layin yana da tsawo. Wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin za ta zo, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ba a kan kowane mutum ba, don haka ku tambayi abokan zamanku ko wani yana biya. Duk wasiƙar da ta shigo akwatinku ku buɗe ta a ranar. Ƙasar nan da takarda take magana, kuma kowace takarda da wa'adinta.

Akwai takarda ɗaya da kusan ba mai karantawa sai ya shiga matsala: dokar jarrabawa ta sashenku, Prüfungsordnung. A ciki aka faɗi sau nawa za a iya maimaita jarrabawa, da ranar ƙarshe ta janyewa. Ku sani halartar darasi daban, rajistar jarrabawarsa daban. Idan kuma an ba ku gurbi da sharaɗin cike wasu darussan digiri na farko, kada ku ɗauke shi raini, ku fara da su. Na ga waɗanda wannan sharaɗin ya zame musu alheri, domin a nan suka koyi rubuta hujja.

Maganar aiki. Tun Maris na 2024 ɗalibin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai yana da izinin cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwana 280 a shekara. Na san nauyin da ke kanku, na san wayar da ake bugowa daga gida. Duk da haka ina roƙonku, in da hali, ku bar zangon farko ga karatu. Aikin dare a rumbun kaya da takardar atisaye ba sa zama inuwa ɗaya. Ku yi wa iyaye bayani tun yanzu, da lambobi, nawa ke shigowa nawa haya take ci. Idan kuka ci darasi da kyau, sashen da kansa yakan ɗauki ɗalibai aikin duba takardun 'yan shekarar farko, kuma irin wannan aiki na cikin jami'a ba a lissafa shi cikin kwanakin nan.

A Disamba rana takan fito wajen 8:30 ta faɗi kafin 4:30 na yamma, ga azahar da la'asar da magariba sun taru cikin awa huɗu, daidai lokacin darussa. Ku riƙe ƙaramar darduma a jaka, ku tambayi ɗalibai Musulmi na jami'ar inda suke salla, ku kuma duba jadawalin Juma'a kafin ku zaɓi rukunin atisaye, tunda yawanci akwai zaɓi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, lokacin jarrabawa, amma yinin bai yi tsawo ba. Duhun nan yana taɓa zuciya, kada ku raina shi. Ku fita ku taka da rana ko sanyi ya kai ina, kuma idan abin ya yi nauyi hukumar walwalar ɗalibai, Studierendenwerk, tana da masu ba da shawara kyauta. Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa, manja da garin rogo suna shagunan 'yan Afirka. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji a taho da su daga gida, amma kilishi da dambun nama da man shanu doka ta hana shigo da su, za a ƙwace a filin jirgi. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Wanda ya sauka a Bon kuwa ya yi sa'a biyu: gari ne na manyan masana lissafi, a nan Peter Scholze da ya ci lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, a 2018 yake, kuma a nan Sashen Hausa na DW yake, don haka ba a rasa mai amsa sallama da harshen gida.

Ƙananan abubuwa biyu da za su ba ku mamaki a makon farko. Idan an rubuta 10 c.t. a jadawali, ƙarfe 10:15 ake nufi. Idan kuma darasi ya ƙare kuka ji ana ƙwanƙwasa tebur, tafi ne, ku ma ku ƙwanƙwasa.

Kundin bincike yana zangon ƙarshe, amma mai duba shi tun zango na biyu ake nemansa. Farfesa yakan karɓi wanda ya sani ne: wanda ya ci darasinsa, ya zauna a taron ƙara wa juna sani na rukuninsa, ya tsaya gaban allo minti 90 ya gabatar da wani babi. Don haka darussa ukun da za ku zaɓa a wannan Oktoba, ku sa aƙalla biyu su kasance a fanni ɗaya da kuke jin za ku iya zama da shi shekara biyu, ku duba kuma ko malamin zai ci gaba da kashi na biyu a zangon bazara. Ku fara koyon LaTeX, manhajar buga rubutun lissafi, tun yanzu, ta hanyar buga amsar tambaya ɗaya daga takardar kowane mako.