Yadda na gyara sunayen ɗalibai a Excel, har da matsalar Mu'Azu

Jiya aka turo min jerin sunayen ɗaliban islamiyyarmu, wasu duk da manyan baƙi, wasu ƙanana, wasu a cakuɗe, kuma da su za a buga satifiket na sauka. A Word, ka danna Shift da F3 tare an gama, amma Excel ba shi da wannan, sai dai fomula.

Sunayen suna layin A, sai na shiga B2 na rubuta =PROPER(TRIM(A2)) na ja shi har ƙasa. PROPER ne ke mayar da harafin farko babba, TRIM kuma ya kwashe sararin da ya yi yawa. In duka manya kake so UPPER ne, ƙanana kuma LOWER.

To ashe da saura, ina dubawa sai ga Mu'Azu, Sa'Adatu, Isma'Il, saboda shi PROPER duk harafin da ya biyo bayan alama sabuwar kalma yake ɗaukarsa, kuma wallahi ba zan bari yaro ya yi shekaru yana karatu a ɓata masa suna a takardarsa ba. Sai na yi wannan:

=SUBSTITUTE(PROPER(SUBSTITUTE(TRIM(A2),"'","qqq")),"qqq","'")

Wato ka ɓoye alamar ' ɗin da qqq, a gyara, sannan ka dawo da ita. Mu'azu ya fito daidai.

Kar ka goge layin A tukuna, saƙon kuskure na #REF! zai cika maka shafi. Fara kwafe B, ka yi Paste Special a kan B ɗin ka zaɓi Values don sunayen su maye gurbin fomula, sannan ka goge A.