Matakan ba da hayar wani sashe na gidanka a Amurka

'Yan uwa da suka sayi gida a Amurka sun yi ta tambaya kan saka ɗan haya a ɗakin ƙasa (wato na ƙarƙashin gida) ko gareji. Ga yadda ake bi:

1. Buɗe taswirar rabon unguwanni, wadda ke nuna irin ginin da aka yarda da shi a kowane yanki, a shafin intanet na birninku.
2. Saka adireshinka, ka rubuta lambar yankin. R-1 galibi na nufin gidan iyali ɗaya ne.
3. Kira ofishin tsara birni, ka faɗi ainihin abin da za ka bayar: ɗaki kawai, ko sashe mai ƙofarsa da kicin.
Hattara! A nan ake yawan faɗawa matsala. A birane da dama, kicin na biyu ne ke mayar da gida ɗaya gida biyu a idon hukuma, ko da murhu ne ɗan ƙarami.
4. Tambayi ko dole kai ma ka zauna a gidan.
5. Nemi amsar a rubuce. Maganar waya ba shaida ba ce.
6. Karanta dokokin ƙungiyar masu gidajen unguwa. Birni kan yarda, su su hana.
7. Auna tagar ɗakin ƙasa, sai ta isa mutum ya fita idan gobara ta tashi.
8. Karɓi izinin gini kafin kafinta ya buga ƙusa.
9. Sanar da kamfanin inshora.
10. Idan an gina gidan kafin 1978, ba ɗan haya takardar gargaɗi kan fenti mai dalma.
11. Rubuta talla, amma kada ka ce "Musulmi kawai". Dokar tarayya ta 1968 ta hana wariyar addini a tallan gida.